Wasiƙa zuwa Kumasi: Takardar Kasafi da Idon Mutanen Gari

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kana nan lafiya, kai da iyali da dukan mutanen zango. Wasiƙarka ta same ni a nan Kaduna tun makonni biyu da suka wuce, na kuma jinkirta amsa ne da gangan, domin tambayar da ka yi ba irin wadda ake sallama da layi biyu a waya ba ce. Ka ce ƙungiyar samarin unguwarku tana son ta fara bin diddigin ayyukan da ake cewa an yi muku, na gwamnati da na masu ba da tallafi daga waje, kuma kana son in gaya maka yadda ake amfani da buɗaɗɗun bayanai, tun da ka san shekaruna kenan ina wannan aiki. Na yi murna ƙwarai, kuma zan gaya maka abin da na gani da idona, da daɗinsa da ɗacinsa.

Abin da muke kira buɗaɗɗun bayanai shi ne alƙaluma da takardun da gwamnati ko wata hukuma ta fitar fili, kowa ya iya ɗauka kyauta, ya bincika, ya sake yaɗawa ba tare da neman iznin kowa ba: kasafin kuɗi, jerin kwangiloli da sunayen waɗanda aka bai wa, kuɗin da ƙasashen waje suka turo da wurin da aka ce za a kashe su. Wani babban sashe na wannan tafiya ma a ƙasarku ya samo asali, domin a taron Akara na shekarar 2008 aka ƙaddamar da shirin IATI, wanda ya sa masu ba da tallafi suke wallafa bayanan ayyukansu a tsari iri ɗaya. Yau kana iya shiga d-portal, shafin intanet da ke nuna waɗannan bayanai, ka zaɓi Gana, ka ga wane ne ya ba da kuɗi, ga wa, don wane aiki. Ku kuma kuna da dokar 'yancin samun bayanai tun 2019, wadda ta ba ma'aikaci kwana 14 ya amsa buƙatar mai tambaya, mu tamu ta 2011 ce, kwana 7 ta bayar. Ga kuma asusun raya zango da aka kafa muku da doka a 2017, wanda nake ganin daga kansa ya kamata ku fara, tun da da sunanku aka kafa shi.

Amma kafin ka buɗe kwamfuta, ina son ka ji labarin Bagega, wani ƙauye a jihar Zamfara, domin shi ne ya jawo ni cikin wannan aiki, shi ne kuma nake komawa gare shi duk lokacin da na gaji.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura yara ƙanana suna ta mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara, suna jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma bai yi musu komai ba. Da aka bincika, sai aka gano gubar dalma ce. Mutane suna haƙo dutse mai zinari, su kawo shi cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda jarirai suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Wahalar maganin ita ce ba a fara bai wa yaro magani mai fitar da gubar daga jini sai an kankare ƙasar gidansu an zubo sabuwa, in ba haka ba zai warke yau ya koma ya sake kwasa gobe. An gyara Dareta da 'Yargalma da Abare da wasu ƙauyuka, amma Bagega, wadda ta fi su girma, aka bar ta tana jira. A 2012 gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, sai dai watanni suka yi ta wucewa kuɗin ba su fito ba, likitoci suna nan da maganinsu a hannu ba su da ikon farawa.

A nan ne wasu samari, Hamzat Lawal da Oludotun Babayemi, suka riƙe wannan adadi guda ɗaya suka ƙi saki. Sun je Bagega, sun ɗauko hotuna da muryoyin iyaye, sun haɗa su da alkawarin da ke rubuce, suka yi ta tambaya a Twitter da gidajen rediyo da ƙofar 'yan majalisa: ina kuɗin suke? Ba su kaɗai ba ne, MSF da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch sun daɗe suna matsa lamba, amma hayaniyar ta yi ƙarfi har a farkon 2013 aka saki kuɗin, aka kankare ƙasar Bagega, yara suka fara karɓar magani. Daga nan shirin samarin nan na bin sawun kuɗin jama'a, Follow The Money, ya tsaya da ƙafarsa. Ka lura da kyau, adadin nan na miliyan 850 ba a ɓoye yake ba, jaridu sun buga shi, kowa yana iya karantawa. Ya yi watanni a fili bai ceci yaro ko ɗaya ba, sai da aka samu waɗanda suka ɗauke shi suka kai shi ƙauyen, suka kuma ɗauko ƙauyen suka kawo wa masu riƙe da kuɗin. Wannan kai da kawo shi ne aikin da ƙungiyarku take shirin ɗauka, kuma ya fi saukar da takardu daga intanet nauyi nesa ba kusa ba.

Bari in ba ka abin da ya faru da ni, don kada ku faɗa ramin da na faɗa. A farkon shigata aikin, na ga a kasafin wata shekara an ware miliyoyin naira don gina ƙaramin asibiti a wani ƙauye. Na buga shafin a takarda, na hau mota, na ƙarasa da babur. Abin da na tarar shi ne harsashi da bulo layi uku, ciyawa ta rufe shi, awaki suna kwance a inda ya kamata ɗakin haihuwa ya kasance. Mai unguwa ya sa aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, mutane suka taru, na karanta musu adadin da Hausa, a hankali, har sau biyu. Wurin ya yi tsit, domin ba wanda ya taɓa gaya musu kuɗin aikin. Sai wata tsohuwa, ungozomar garin, ta gyara lulluɓinta ta ce: "To, ɗana, kuɗin nan da ka karanta, sun fito ne aka cinye, ko kuwa ba su fito ba?" Ban iya amsa mata ba. Na zo da zuciya cike da zargin ɗan kwangila, alhali takardar da ke hannuna ba ta nuna komai ba illa niyyar gwamnati.

Tambayar wannan baiwar Allah ita ce darasin farko da zan ba ku. Kuɗin aiki hawa uku ne: wanda aka rubuta a kasafi, wanda aka saki daga baitulmali, da wanda aka biya ɗan kwangila. Sau da yawa ratar da ke tsakanin na farko da na biyu ta fi wadda ke tsakanin na biyu da na uku girma. Da na koma na rubuta wa ma'aikatar da abin ya shafa takarda bisa dokar samun bayanai, amsar ta zo bayan kwanakin da doka ta ɗiba sun daɗe da wucewa, kuma sai da na yi sawu huɗu, amma ta nuna kason farko kawai aka biya mutumin, shi ne ya yi harsashin da shi. Da na fita rediyo tun ranar farko na kira shi ɓarawo, da na zalunce shi, da kuma na zubar da mutuncin ƙungiyarmu. Sai muka juya akalar tambayar zuwa inda ta dace, mutanen garin da kansu suka rubuta takarda, mai unguwa da liman da shugabar mata suka sa hannu. Saboda haka kada ku taɓa tsayawa a kasafi kaɗai. A nan Najeriya muna haɗa shi da shafin baitulmali da gwamnatin tarayya ta buɗe a ƙarshen 2019, inda ake nuna manyan kuɗaɗen da aka biya, da kuma abin da ma'aikatan Tracka na ƙungiyar BudgIT suke tattarowa daga mazaɓu. Ku nemi makamantansu a wajenku.

Wani tarko kuma shi ne sunayen wurare. Ka san yawan Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Rimi a ƙasar Hausa, kamar yadda ka san kusan kowane babban gari a Gana yana da zangonsa. Mai rubuta kasafi yana zaune a babban birni, wataƙila bai ji Hausa ba, ya rubuta sunan yadda kunnensa ya ba shi, ba gunduma, ba alamar taswira. Mun taɓa kwana biyu muna neman rijiyar burtsatse a garin da ba nata ba, ashe tana can a wani gari mai suna iri ɗaya, tana ba da ruwa. Da ɗan gari akan ci gari, don haka ku nuna wa dattawan unguwa jerin tun kafin ku fita, kuma duk inda kuka je ku ɗauki hoto da waya mai nuna rana da daidai wurin. Darajar taswira mai kyau ba ƙarama ba ce. A yaƙin da aka yi da shan inna, masu rigakafi a Kano sun daɗe suna aiki da taswirar da aka zana da hannu, sai da aka koma ga hotunan tauraron ɗan Adam aka ga rugage da ƙananan ƙauyukan da ake tsallakewa, kuma wannan yana cikin abin da ya taimaka har a watan Agusta na 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali.

Ka shirya wa gajiya kuma. Wasu hukumomi suna cewa sun buɗe bayanansu, amma abin da za ka tarar hoton takarda ne, a karkace, wanda kwamfuta ba ta iya lissafa shi, sai ka zauna da dare kana kwafe lamba ɗaya bayan ɗaya. Na yi wannan har idanuna suka yi ja, kuma a ganina bayanin da aka fitar ta yadda ba ya amfanuwa bai cika sunansa na buɗaɗɗe ba. Duk abin da kuka samu kuma, ku sauke ku adana kwafinku a wuri biyu. A farkon 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin USAID, hukumarta mai taimaka wa ƙasashen waje, shafinta na intanet ya ɓace cikin 'yan kwanaki, mutane da yawa da suka dogara da shi suka wayi gari ba rahotannin da suke aiki da su.

Akwai wani abu da nake son ka riƙe da muhimmanci, domin masu zumuɗin buɗe komai sukan manta da shi. Kuɗin jama'a shi ya kamata a buɗe, sirrin talaka kuwa a rufe shi. Jerin sunayen zawarawan da suka karɓi tallafi, ko na masu wata cuta, ko na 'yan gudun hijira da inda suke kwana, amana ce, kuma a yankin da ake fama da 'yan bindiga irin namu, sakin irin wannan jeri yana iya jawo asarar rai. Ku wallafa yawan waɗanda suka amfana da kuɗin da aka kashe, ku bar sunaye a cikin akwati. Haka ma wanda ya tsegunta muku wani abu daga cikin ofis, ko mai unguwar da ya yi magana a gabanku, ku tambaye shi kafin ku sa sunansa ko hotonsa, domin ku za ku koma gida, shi kuwa a nan zai ci gaba da zama da waɗanda maganar ta taɓa.

Game da masu ba da tallafi na waje, kada ku ji nauyinsu. Da yawansu sun sa hannu a kan cewa za su bayyana ayyukansu, saboda haka tambayarsu haƙƙinku ne. Abin da za ka lura da shi shi ne bayanan nasu sukan tsaya a matakin ƙasa ko yanki, su ce an kashe kaza a fannin lafiya, ba tare da sunan unguwa ba, kuma kuɗin yakan bi ta hannun ƙungiya biyu ko uku kafin ya iso ƙasa. Ku nemi sunan ƙungiya ta ƙarshe, wadda ta riƙe shebur, ita za ku rubuta wa, cikin ladabi, kuna ambaton lambar aikin kamar yadda take a shafin.

Shawarata ita ce ku fara da aiki ɗaya tak, wanda kowa a zango yake gani kullum, kamar magudanar ruwan da ka ce tana cika muku gidaje duk damina. Ku samo adadinsa, ku fassara shi da Hausa da harshen Tuwi, ku karanta shi a gaban sarkin zango da limamai da ƙungiyoyin mata, sannan ku rubuta takardarku ta farko, ku karɓi shaidar cewa an karɓa, da hatimi da kwanan wata. Idan kwana 14 suka cika ba amsa, ku koma da kwafin a hannu. Zan turo maka samfurin takardar da muke amfani da ita, da jadawalin da muke cikewa idan mun je duba aiki, sai ku gyara su su dace da dokarku. In kun samu jerin ayyukan asusun zango na unguwarku, ka turo mini mu duba tare kafin ku fita.

Ka gaishe mini da Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya, da maiɗakinka da yara, da samarin ƙungiyar baki ɗaya. Mutanen gida duk suna gaishe ka. Allah ya sada mu da alheri.

Wassalam,
Naka amini,
daga Kaduna.