Zuwa ga Bashar, labarin gidan tarihin Yamai

Assalamu alaikum. Bashar mutumina ya Fatakwal, ya aiki, ya Maman Hanifa da ɗiya? Mu nan Argungu alhamdulillahi sai zafi da hidimar fadama, su Inna duk lafiya lau suna gaishe ka. Na yi ta kiran layinka ba ya shiga shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto maka, don labarin da ke bakina ba na katin waya ba ne.

Yamai na je. Kawu Sani ne ya ja ni rakiya wajen harkar kayanshi, munka bi ta Kamba munka tsallaka Gaya, Dosso sai Yamai, hanya dai ka san ta. Da munka gama abin da ya kai mu sai ɗan mai masaukinmu ya ce ai ba mu komawa gida ba mu ga muze ba, wato gidan tarihinsu. Kawu ya ce shi ya tsufa da kallon tsoffin tukwane, ya yi kwanciyarshi, mu munka kama hanya.

Sunan Boubou Hama anka sa ma wurin, wani babban marubuci kuma masanin tarihi nasu da ya daɗe yana shugabancin majalisar dokokin ƙasar. Tun 1959 anka buɗe shi, kafin ma Nijar ta samu ƴancin kai a 1960, kuma a tsakiyar gari yake ba nisa da gadar Kennedy. Kar ka ɗauka gini guda ne da za ka shiga ka fito, a'a fili ne makeke da inuwa, ɗakunan kallo a warwatse, ga gidan namun daji a ciki ga masu sana'ar hannu, mutane kuwa da iyalansu suna ta kai da komo, ƴan makaranta sun yi layi da malaminsu, wasu ma shan iska kawai ya kawo su.

Inda na fara daskarewa wajen ƙasusuwan dainoso ne, manyan dabbobin nan na zamanin da da suka ƙare a duniya. Bashar wallahi mu da muke ganin abin nan a talabijin muna cewa ƙaryar Turawa ce, ashe a nan maƙwabta anka tono su, cikin hamadar Tenere wani wuri da ake kira Gadufawa. Akwai wani kada na zamanin da, masana sun ce ya haura shekara miliyan 100, kanshi kaɗai ya kusa tsawon mutum, haƙora jere reras. Na tsaya ina kallo na ce to wannan ko Sarkin Ruwa ya ganshi a kogin Matan Fada sai ya ce a ɗaga bikin kamun kifin bana. Kuma ka duba ikon Allah, wurin da yanzu ba komai sai rairayi, da can koguna ne har irin wannan dabba ta rayu ciki.

Amma abin da ya fi tsaya mani a rai wani busasshen icce ne. Eh icce, an yi mashi rumfa an kewaye shi. Iccen Tenere kenan, mai ƙaya ne dangin su bagaruwa, shi kaɗai tilo a tsakiyar hamada tafiya mai nisan gaske ba wani icce kusa da shi. Ayarin Buzaye masu ɗauko kantun gishiri daga Bilma zuwa Agadas da shi suke gane hanya, kuma duk tsananin buƙatar makamashi ba mai karya reshenshi ya hura wuta, ba mai barin raƙumi ya ci. Da anka gina rijiya kusa da shi sai anka tarar saiwarshi ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. To duk faɗin hamadar nan, a 1973 wani direban babbar mota bai ga abin bugewa ba sai shi. Dariya ta kama ni takaici ya kama ni, kai direba dai direba ne ko ina yake. Shi ne anka kwaso gawar iccen anka kawo Yamai, can inda yake a da kuma anka kafa na ƙarfe.

Ɗakin tufafi da kayan kiɗa ban daɗe ba, don rabin abin da ke ciki akwai shi ɗakin kakata, su goge da kalangu da manyan riguna, mu da Zabarmawa da Arawa ai kayanmu guda. Akwai ɗakin yuraniyom da ake haƙowa a Arlit, shi ma leƙawa kawai na yi. Namun daji kuwa zaki da kura da dorina, yara sun cika wurin da ihu.

Wajen masu sana'a ne rana ta ƙare mana. Wani maƙerin Buzu na zaune ƙasa ya naɗe rawani ido kaɗai a waje, ga ɗan gawayi yana ci ga butar shayi gefe, yana zana wa sarƙar azurfa irin ƙirar Agadas ado da wani ɗan ƙarfe mai tsini, hannunshi ko rawa ba ya yi, yana aiki yana ciniki da ni bai ko ɗago kai ba. Gaba kaɗan dukawa na ɗinka jaka da takalma, masaƙa na jefa ƙoshiya. Abin da ka gani cikin gilashi an rubuta mashi bayani, kana fitowa sai ga mai yin shi da ranshi yana neman na cefane, wannan shi ne abin da ya burge ni da wurin, tarihin bai mutu ba yana ciyar da mutane.

Tun a mota nake tunanin gidan tarihin Kanta namu. Fadar sarki ce fa har 1942, anka mai da ita gidan tarihi a 1958, kenan ya ma girmi na Yamai da shekara guda, ga makamai ga tambura ga kayan kamun kifi ga kaburburan sarakuna, amma ni da kai sau nawa munka wuce ta ƙofar ba mu ko waiga ba? Sai lokacin bikin kamun kifi in baƙi sun zo mu riƙa nuna masu hanya. Da za a zaunar da masu saƙa homa da masu gyaran gora da maƙera a farfajiyar suna aiki suna saidawa, ina ganin da ƴan gari ma sun riƙa shiga. Na faɗa ma Kawu haka ya ce to in kai takarda fada mana, ka san shi da gatse.

Ka shirya in kun zo babbar Sallah mu fara kai yara na Kanta, in hanya ta yi kyau kuma aljihu ya yarda mu tsallaka da su Yamai su ga kadan nan da idonsu. Sarƙar na saye ta daga ƙarshe bayan mun sha ciniki da sefa, ta Maman Hanifa ce, ka faɗa mani ko in ba direban da ke kawo maku shinkafa ko in ajiye har ku zo. Kuma don Allah ka gyara layin nan naka.

Ka gaida kowa da kowa.

Naka,
Nasiru