A Ceci Baturiya da Dagona Tun Daga Bakin Madatsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ɗan ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan dausayin Haɗeja zuwa Nguru, musamman gandun Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma a Jigawa, da matattarar tsuntsaye ta Dagona a ƙasar Bade, Jihar Yobe.

Da an ce gandun daji, Yankari da giwayenta ke zuwa wa mutane a rai. Namu gandun na ruwa ne. Nan kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa cikin fadamu kafin su kama hanyar Tafkin Chadi. Da hunturu ya kama, tsuntsaye kan taso tun daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka su tarar da ɗinya da kirinjijiya da zalɓe na gida. Saboda su ne Yarima Philip na Ingila ya zo Dagona a 1989, kuma a 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Baturiya ta bi sahu a 2008.

Mun yi murna da Gwamnatin Tarayya ta amince a 2020 a ɗaga darajar Baturiya zuwa gandun daji na ƙasa. Amma ni damuwata ba ta suna ba ce, ta ruwa ce.

A da, ambaliya kan zo da damina ta cika fadamu, kifi ya yi ƙwai, a shuka shinkafa. Da rani ruwa ya janye, Fulani su sauko da shanu, manoma su yi noman raɓa a danshin da ya bari. Wannan cika da janyewar su ne ran dausayin. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, duka a Jihar Kano a kan kogunan da ke zuba wa kogin Haɗeja ruwa, sai lissafin ya rikice: babbar ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya riƙa kwararowa kaɗan-kaɗan duk shekara. Abin da ciyawar kacala take so ke nan, ruwa mara zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe magudanan ruwa, yashi da laka suka taru, wani gari yana kukan ruwa ya cinye gona, maƙwabcinsa yana kukan fadama ta bushe. Masunci ba ya samun hanyar kwalekwale. A cikin kacalar kuma tsuntsun jan baki yake kwana, ya wayi gari a kan gero da shinkafar talaka. Wallahi abin yana ci mini rai, domin mutumin da gonarsa ta nutse shi ne gobe zai ɗauki gatari ya shiga gandu ya sare giyayya da goruba ya sayar, ko ya ɗana wa agwagin ruwa tarko. Ma'aikacin gandu da bindiga ba zai iya tsare daji daga mai jin yunwa ba.

Don haka ina kira ga Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ta tsara sakin ruwa daga madatsun yadda zai yi daidai da damina, a kuma bar fadamu su sha iska da rani. Yashe magudanai ya zama aikin kowace shekara, ba sai ambaliya ta yi ɓarna irin ta 2022 ba. A sa sarakunan ruwa da ardo-ardo da masu unguwanni a cikin kwamitin kula da gandun, kuma in za a ɗauki masu gadi, a fara da 'ya'yan ƙauyukan da ke kewaye da shi. Gwamnatocin Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe su zauna a kan wannan kafin damina mai zuwa.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Kirikasamma, Jihar Jigawa