Kafin Ka Rufe Bonet

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka.

Mahaifiyarka ta gaya mini yanzu da hannunka kake yi wa motarka ƙananan gyare-gyare, juyen baƙin mai, canjin fad ɗin birki da ire-irensu. Na ji daɗi ƙwarai. Sai dai akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai. A gareji, in yaro ya ɗaure abu, maigidansa kan bi baya ya taɓa. Kai kuwa kai ne yaron, kai ne maigidan. Ko a gyaran jirgin sama, inda ƙwararru suke, akwai ayyukan da sai mutum na biyu ya duba ya sa hannu kafin jirgi ya tashi, domin wanda ya yi aiki, abin da ya yi niyya idonsa ke nuna masa, ko da hannunsa bai kai can ba. Don haka in ka gama, ajiye sifana, ka wanke hannu, ka ɗan huta, sannan ka dawo ka bi aikin ɗaya bayan ɗaya, kamar wani ne ya yi shi.

Birki ne ya fi damuna. Kafin sabon fad ya shiga, sai ka tura fistin da ke matse shi ya koma ciki, shi ya sa takun farko yakan nutse har ƙasa ba tare da ya kama komai ba. Ka yi ta taka shi mota na tsaye har ka ji ya yi tauri, ka leƙa man birki, sannan ka gwada a hankali inda babu mutane. In ka ji yana laushi, kada ka hau titi, ko da tafiyar ta kusa ce. Wannan kam roƙonka nake yi.

Taya kuma, ka fara kama notuna da yatsu don kada su hau a karkace. Ka ɗaure wannan, ka tsallaka zuwa wanda ke fuskantarsa a ɗaya gefen, kada ka bi su a jere. Ɗaurin ƙarshe sai taya ta sauka ƙasa, kuma da sifana mai awon ƙarfi, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Masu hawa kan sifana da ƙafa ɓarna suke yi, don matsi in ya wuce kima yana raunana ƙarfen. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100, ka sake bin su duka.

Wajen juyen mai, dubi tsohuwar filta da ka cire: zoben robarta na jikinta? Wani lokaci yakan manne a jikin inji, a ɗora sabuwa a kansa, inji na ɗaukar wuta mai ya yi ta tsiyaya. Ka taɓa notin ƙasa, na wurin juye mai, ka tabbatar ya ɗauru. Ka tayar da inji, fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙu. In ta ƙi, kashe nan take. In ta mutu, kashe inji, bayan 'yan mintuna ka zaro sandar awon mai, ka goge, ka mayar, ka sake dubawa. Ka shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashin mota ya kwana, ɗigo ko ɗaya ne za ka gan shi da safe.

Kan batir ya kamu ƙam. Lagireto kuwa, ba a buɗe murfinsa da zafi.

Kafin ka kwance komai, ɗauki hotonsa a waya. In ka gama, ƙirga kayan aikinka, kada sifana ko tsumma ya kwana a cikin inji. Noti ɗaya in ya rage a hannunka, nemo gurbinsa kafin ka rufe bonet. In ka rasa, kai wa bakanike ya duba, babu abin kunya a ciki, tunda jikokina ma a motar nan kake ɗauka.

Ka gaida mini su da mahaifiyarsu. Allah ya tsare, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.