Ba Kowane Baƙin Ƙwaro Ne Ɓarawon Gona Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in yi wa wani ƙwaro shaida, don manoman Adar na kashe shi ba da laifinsa ba.

Wanda ya saba ɗaga tarin kara a gonar jigawa ya san shi: baƙi ƙirin, fararen ɗigo a gadon baya, dogayen ƙafafu, baki kamar awartaki. Ba ya tashi sama, amma a gudu sai ka yi da gaske. In ka takura shi ya feso maka ruwa mai raɗaɗi ta baya, Allah ya kiyaye ido. Shi ya sa yara ke rafka masa takalmi.

Masana sun sa shi cikin dangin Carabidae, mai nau'i sama da 40,000 a duniya, galibinsu mafarauta. Jinsinsa Anthia. Sananne a yankin Sahara shi ne Anthia sexmaculata, wanda masanin ƙwari Fabricius ya raɗa wa suna a 1787, bisa tsarin suna biyu da masanin halittu Linnaeus ya shimfiɗa wa dabbobi a 1758. In nau'i ɗaya ya bazu har na wani yanki ya ɗan sauya kama, sai a ƙara suna na uku, kamar Anthia sexmaculata marginata. Reshe ne na gida ɗaya, suna iya barbara da juna.

Wani zai ce wannan surutun 'yan boko ne. To, rabe-raben nan su ke gaya maka abin da ƙwaro ke ci. Hangara, mai cinye furen hatsi, 'yar dangin Meloidae ce, ba ta haɗa gida da Anthia ba. Calosoma senegalense kuwa, ɗan Carabidae, tsutsa ce cimarsa. Tun da tsutsar masara ta shigo Afirka ta Yamma a 2016, feshi ya yawaita, kuma magani ba ya tambayar dangi. Har a lambunan albasa na ga an yi feshi da yamma, safiya ta waye mafarautan nan sun mimmiƙe a bakin fangali.

Muna da INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, ga cibiyar AGRHYMET mai nazarin noma da yanayi a Yamai, ga jami'a nan Tahoua. Me zai hana jaridarku ta nemi malamansu su riƙa ba da hoton ƙwaro ɗaya kowane mako, da sunansa na kimiyya, da yadda ake kiransa a Adar da Gobir, da abin da yake ci? A fara kafin saukar damina.

Naku,
Tsohon malamin lakwal, Tahoua