Ƙurajen ɗiyata ba ƙazuwa ba ne, alkama ce

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in gaya wa iyaye 'yan uwana abin da ya ci mana shekara biyu a gida.

Ɗiyata tana da shekara 15 lokacin da wasu ƙuraje masu ruwa suka feso mata a gwiwar hannu, dama da hagu lokaci guda, sannan gwiwoyin ƙafa, da ƙeya, da ɗuwawu. Ƙaiƙayin kamar an zuba mata barkono. Da dare sai in ji ƙarar susa daga ɗakinsu, da safe in tarar da ɗigon jini a zanin gado. Kafin ma ka ga bororon ta riga ta fashe shi da farce. Mai kemis ya ce ƙazuwa ce, muka wanke gida kaf, muka shanya katifu, kowa ya shafa magani. Babu wanda ya ɗauka, ita kuwa ba ta warke ba. Wata maƙwabciya har ta fara maganar sammu, ni ma, in faɗi gaskiya, na ɗan saurare ta.

Sai da muka dace da wani likitan fata. Ya yanki ɗan ƙaramin fata a gefen ƙurjin aka kai gwaji, aka kuma ɗebi jini. Sunan cutar dermatitis herpetiformis, wani likitan Amurka, Louis Duhring, ne ya fara bayyana ta a 1884. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Tushenta gulutin, sinadarin da ke sa kwaɓaɓɓiyar fulawa ta yi danƙo, wanda ke cikin alkama da sha'ir. Garkuwar jikin mai cutar ce ke yi masa bore, ta taɓa hanji, ta fito a fata. An fi ganinta a arewacin Turai, a wajenmu ba ta da yawa, shi ya sa ba a kawo ta a rai.

Likita ya rubuta dapsone, maganin da ake ba masu kuturta, amma ya ƙi bari ta sha sai da aka yi mata gwajin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, domin maganin yana fasa ƙwayoyin jinin wanda ke da ƙarancin wannan sinadari, kuma irinsu suna da yawa a Najeriya. Don Allah kada wani ya karanta wannan ya ruga kemis. Cikin kwana uku da fara shan maganin ta yi barci har asuba.

Wahalar tana kicin. Babu burodi da shayi, babu taliya, fanke, cincin, gurasa, alkaki, balle funkason sallah. Tuwon semo ma alkama ne, wannan ban sani ba sai da aka gaya mini. Mun koma gero, dawa, masara, shinkafa da acca, abincin kakanninmu. Waina da fura ta ci ta ƙoshi. Niƙa kuwa sai na tsaya a kan mai inji ya share, don wata ta riga ni kai alkama.

Roƙona ga masu makarantun kwana: idan yaro ya zo da takardar likita, a bar shi ya shigo da garinsa. Ɗiyata za ta koma makaranta bayan hutu, kuma karin kumallonsu burodi ne sau huɗu a mako.

Wata uwa,
Tudun Wada, Kaduna.