Ɓarnar guguwa ba ta tsaya kan rufin gidaje ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk labarin guguwar teku, gidaje da gadoji ake ƙirgawa, a manta da bakin kogi, inda ruwan daɗi ke haɗuwa da na gishiri.

A 1999 guguwa uku, Dennis da Floyd da Irene, suka afka wa jihar North Carolina ta Amurka a jere. Ambaliya ta kwaso takin gonaki da kashin aladu ta zuba cikin kogin Neuse da tafkin Pamlico. Ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a sama, ya hana iska sauka ƙasa. Da zarar oksijin, iskar da halittun ruwa ke shaƙa, ya gaza miligiram 2 a lita, kifi ya gudu, kawa kuwa, halittar ruwa mai ƙwanso da ba ta da ƙafar gudu, ta mutu a wurin.

Naitirojin da fosfaras, sinadaran da ke cikin takin da kashin, ba sa nuna aikinsu nan take. Sai ruwa ya lafa, rana ta ratsa shi, sannan gansakuka ta bunƙasa, in ta mutu ta ruɓe, ta ƙara rage oksijin. Haka ruɓaɓɓen ganyen fadama, mai mayar da ruwa kalar shayi: ƙwayoyin cuta su cinye shi, su zuƙe oksijin, kabon ɗin da ƙasa ta daɗe tana riƙe da shi ya tashi sama a iska.

Shi ya sa awon kwana biyu bayan guguwa yaudara ne. A auna gishiri da oksijin a sama da kuma can ƙasa, mako-mako, har tsawon watanni, musamman a wuri irin Pamlico da ruwa kan yi kusan shekara bai fita teku ba.

Wassalam.