Bukukuwan Gidajen Sarautar Indiya: A Riƙa Faɗin Gaskiyar Matsayinsu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini don in yi tsokaci kan yadda ake kawo labarin auren 'ya'yan sarakunan Indiya, ana kiran ango "sarki" kamar har yanzu yana riƙe da ƙasa. Ba haka abin yake ba.

Lokacin samun 'yancin kai a 1947, masarautu sama da 560 ne suka shiga ƙarƙashin Indiya ko Pakistan. A Indiya an bar wa sarakunan laƙabinsu da kuɗin shekara-shekara, sai a 1971 gwamnatin Indira Gandhi ta yi wa tsarin mulki gyara na 26, ta soke duka biyun. Daga nan fada ta zama nauyi a kan mai ita. Shi ya sa fadar Umaid Bhawan ta Jodhpur, mai ɗakuna 347, ta kasu uku: otal, gidan tarihi, da ɓangaren da iyalin ke zaune. Fadar Rambagh ta Jaipur ma tun 1957 ta koma otal.

To amma ranar aure tsohon tsari yakan dawo. A gidajen Rajput, wato zuriyar mayaƙan da suka mulki masarautu da dama a arewacin Indiya, ba a sa rana sai an gwada taurarin haihuwar ango da amarya: maki 36 ne, kuma idan ba su kai 18 ba, magana kan tsaya. Sai a duba zuriya, wato gotra, domin ba a so su fito daga tsatso ɗaya. Wannan ne ya jawo ce-ce-ku-ce a 1997 da Diya Kumari, 'yar gidan sarautar Jaipur, ta auri wanda suke gotra ɗaya da shi. Malamin addininsu ne ke yanke sa'ar ɗaurin auren, kuma nan ake yawan samun tangarɗa: ayarin ango na tafe a hankali, da dawakai da makaɗa, wani lokaci har da giwa, idan ya makara sa'ar ta wuce. Da isowarsa ƙofa sai ya taɓa toran, wani ado da aka rataye a sama, da takobinsa. Sannan a kunna wuta su yi taku bakwai a gabanta. Dokar auren Hindu ta 1955 ta ce inda ake wannan al'ada, aure bai cika ba sai an yi taku na bakwai.

A watan Yunin 2016 aka ɗaura auren Yaduveer Wadiyar da Trishikha Kumari ta gidan Dungarpur a fadar Mysore. Shekara ɗaya kafin nan aka ɗauke shi a matsayin magajin gidan sarautar Mysore, kuma a 2024 sai da ya nemi ƙuri'ar talakawa kafin ya shiga majalisar dokokin ƙasar.

Don Allah idan za a sake buga irin wannan labari, a rubuta "magajin gidan sarauta", a kuma faɗi shekarar 1971.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum